Zuwa Ga Ɗalibata Da Ta Tambaye Ni Ma'anar "Conduct"

Assalamu alaikum 'yata,

Ranar bikin yaye ɗalibai kin miƙe a bainar jama'a kin ce: a takardar sakamakonki an rubuta "conduct" ana nufin halinki, a jarida kuma kin ga kalmar a kan hukumar INEC da gudanar da zaɓe, to wace ce ma'anar gaskiya? Lokaci bai bar ni na amsa miki yadda ya kamata ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Duka biyun daidai ne, kuma tushensu ɗaya. Daga harshen Latin kalmar ta fito, inda "ducere" ke nufin ja gaba, "con" kuma tare. Ki saurari bakin Bature: in ya danna muryarsa a gaɓar farko, suna ne, wato hali ko ɗa'a. In ya danna a ta biyu, aiki ne, wato jagoranta ko gudanarwa. Rubutun ɗaya ne, kunne ke rarrabewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne mu ma muna da irin wannan a bakinmu, ba mu lura ba. Muna cewa wane ya iya tafiyar da taro, muna kuma cewa wance ta san yadda take tafiyar da rayuwarta. Wanda ake tafiyarwa ne kawai ya sauya. Haka Turanci ya ɗauki hali: mutum ne riƙe da linzamin kansa. Shi ya sa gidajen rediyonmu suka fassara Code of Conduct Bureau da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa karɓar bayanan kadarorin masu riƙe da muƙamai. A ganina fassarar ta yi.

Kin ma daɗe da sanin ɗan'uwan kalmar. Yaron motar nan da ke rataye a ƙofar bas, kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa, yana buga jikin mota direba ya tsaya, ai kwandasta muke ce masa. Malamin kimiyya kuma da sunan nan zai kira jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta, don shi ke kai wutar lantarki inda za ta.

Ranar Litinin ki same ni a ofishin malamai, ki furta mini duka biyun in ji.

Malaminki na Turanci