Wasiƙar Godiya ga Masu Shagon Azurfa da Tsofaffin Kuɗi a Kasuwar Kurmi

Zuwa ga Alhaji mai shago da dukan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a madadin iyalan gidanmu domin in bayyana godiyarmu a bainar jama'a bisa aikin da kuka yi mana na tantance darajar tsofaffin kuɗin azurfa da mahaifiyarmu ta rasu ta bari, Allah ya jiƙanta da rahama. Malamin da ke raba mana gado ya ce ba zai sa su cikin lissafi ba sai an san ƙimarsu ta gaskiya, mu kuwa duk inda muka kai su sai mu ji farashin da bai yi kama da na baya ba. Wani ya ce ƙarfe ne kawai, a auna a biya, wani kuma ya nuna mana hoton irinsu a intanet an sa musu kuɗin da zai sayi mota.

Abin da ya bambanta ku, Alhaji, shi ne ba ku fara da faɗin farashi ba. Kun shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, kuka ware kuɗin kashi-kashi, sannan kuka ɗauki manyan riyalan nan masu hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya kuka yi mana bayanin da ya rage mana buri, amma ya kwantar mana da hankali. Mun ɗauka shekarar 1780 da ke jikinsu tana nufin sun haura shekara 240 a duniya, sai kuka fahimtar da mu cewa shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga su da wannan shekara a Biyana da Rum da Landan da Faris da Bombay, har yau ma ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya ba ta daina ba. Fatake sun shigo da su ƙasar Hausa da Borno da yawan gaske, maƙeran Agadas sun narkar da wasu sun yi kayan ado, saboda haka mafi yawansu ba su da wuyar samu, darajarsu tana bin nauyin azurfar da ke cikinsu ne.

Lissafin ma a gabanmu kuka yi shi. Kowane riyali na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ne, wato kimanin giram 23.4 tsantsa. Da yake ozar da ake sayar da azurfa da ita a kasuwar duniya giram 31.1 ce, riyali ɗaya ya kama kashi uku cikin huɗu na oza. Yaronku ya buɗo farashin azurfa na kasuwar Landan na wannan rana a wayarsa, ya mayar da shi naira bisa canjin dala, ya kuma bar ƙanena ya maimaita lissafin da kansa. An ɗora kowane ɗaya a kan ƙaramin sikeli, an kara masa maganaɗisu, an buga shi a hankali an saurari amonsa, an kuma duba rubutun da ke zagaye da gefensa da gilashin ƙara girma. Guda biyu sun gaza nauyi, amonsu kuma a dushe yake, kuka ajiye su gefe kuka ce jabu ne, ba tare da kwana-kwana ba.

Kan sulalla da fataka na zamanin Turawa ne muka ga zurfin saninku. Kun nuna mana cewa waɗanda aka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1919, masu hoton Sarki Joji na Biyar, azurfa ce kashi 925 cikin 1,000, cewa daga 1920 aka fara komawa tagulla, kuma sulen Najeriya na 1959, duk da farinsa, babu azurfa a cikinsa ko kaɗan. A nan ne kuka raba mana darajar ƙarfe da darajar da masu tara tsofaffin kuɗi ke biya, wadda ta dogara da shekara, da ƙaramin harafin da ke nuna ma'aikatar da ta buga kuɗin, irin su H da KN na Birmingham, da kuma yadda zanen bishiyar kwakwar manjan da ke bayan sulen ya tsira daga gogewa. Waɗanda aka huda ko aka liƙa musu kunne don a rataya a wuya sun koma farashin nauyi. Kun kuma hana mu wanke sauran da toka da lemun tsami kamar yadda wata 'yar'uwarmu ta yi niyya, domin baƙin da ya hau kansu bai rage musu daraja kamar yadda ƙarcen goga zai rage ba.

Game da farashin intanet kuwa, kun koya mana mu bambanta kuɗin da mai kaya ya yi wa kayansa suna da kuɗin da aka sallama a gwanjo, domin na biyun ne kaɗai shaida cewa wani ya zaro kuɗi ya biya. Ni a ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da muka ƙaru da shi. Kun kuma gaya mana gaskiya cewa aika tsofaffin kuɗi zuwa kamfanonin tantancewa na Amurka, irin su NGC da PCGS, ba ya biyan wahalarsa sai ga ƙwaya mai tsada sosai, kuma babu irinta a cikin namu.

Duk wannan an rubuta mana shi a takarda, kowane kuɗi da nauyinsa da shekararsa da ƙimarsa, aka sa kwanan wata saboda farashin azurfa yana hawa yana sauka. Da ita malamin ya kammala rabo, kowane magaji ya gamsu. Ko da kuka yi tayin saye, kun bayyana ribar da kuka cire, kuka ce mu kai takardar wani shagon mu gwada kafin mu yanke shawara.

Muna roƙon Alhaji da ya ci gaba da koya wa matasan da ke shagon wannan ilimi, kuma a isar da gaisuwarmu ta musamman ga yaron da ya rubuta takardar cikin haƙuri da ladabi. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara buɗi na halal, ya saka muku da mafificin alheri.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Babban ɗa a madadin magada, daga birnin Kano