Zuwa ga Baba, daga bakin tekun Galbestan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da Gwaggo da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taku? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, mai ɗakina da jikokinku suna gaishe ku. Auta, kai da za ka karanta wa Baba, ka bi a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Saƙonku ya iso ta bakin Yaya. Ya ce da aka nuna muku hoton nan nawa a cikin jirgi riƙe da kifi, kun daɗe kuna kallo, sannan kuka ce ashe duk bokon da aka yi, su aka koma. Hoton gaskiya ne, Baba, amma ban bar aikina ba. Litinin zuwa Juma'a ina nan Hustan wurin aiki kamar yadda kuka sani. Ranar Asabar ce, wani lokaci har da Lahadi, nake tashi tun kafin asuba in kama hanyar Galbestan, wani tsibiri da ke bakin tekun Meksiko, tafiyar kamar kilomita 80. A can nake yaron jirgi. Sallar asuba a bakin mashaya, inda jirage ke tsayawa, nake yin ta, kuma alƙiblarmu a nan arewa maso gabas take.

Sana'ar ce nake so in bayyana muku, don ba irin wadda muka sani a Yawuri ba ce. Mai jirgin nan ba ya sayar da kifi ko na sisi. Mutane ne ke ɗaukar hayar jirgin, da shi da mu, mu fitar da su su yi fatsa da hannunsu. Mutum zai zo da matarsa da 'ya'yansa, ko abokai su haɗa kuɗi, ko kamfani ya biya wa ma'aikatansa. Fitar awa huɗu zuwa biyar ba ta cika kasa dala 500 ba, kuma da wannan kuɗin sai su sayi kifin da ya ninka abin da za su kama a kanti, an gyara an wanke. Sun san da haka sarai. Yinin suke saya, da iskar teku, da hoton yaro riƙe da kifinsa na farko. Mu ne da sandunan fatsa, da koto, da ƙanƙara, da man inji. Su kuwa abincinsu da ruwan shansu kawai suke kawowa, sai lasisi. A jihar Teksas duk wanda ya kai shekara 17 ba ya jefa ƙugiya a teku sai da lasisin hukumar kula da namun daji, yara kuwa kyauta ne. Irin takardar da kyaftin ɗinmu ke da ita, fasinja shida ta yarda masa, ko jariri aka ƙara ya zama na bakwai, an karya doka. In taro ya fi haka, ko dai a ɗauki jirage biyu, ko su bi manyan jiragen da ke lodin mutane da yawa kowa ya biya kuɗin kansa.

Ba ma yin nisa da masu iyali. A bakin mashigar da jiragen kaya ke bi su shiga tashar Hustan, an jera manyan duwatsu layi biyu sun miƙe cikin teku kilomita da dama, tun ƙarshen ƙarni na 19, don kada yashi ya toshe hanya. Gindin duwatsun nan ya zama gidan kifi. Ƙaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye na fakewa a ciki, manya kuma na zuwa cin su. Nan muke jefa anga. In ruwa ya kwanta kuma baƙin na da ƙarfin zuciya, sai mu ɗan ƙara gaba, amma da wuya mu wuce mil tara na ruwa, wanda nan ne iyakar jiha, gaba da nan dokar tarayya ce. Ruwan ma ba shuɗi ba ne irin na talabijin, yawancin lokaci ruwan ƙasa ne saboda laka da koguna ke zubowa. Ranar da na fara ganinsa sai na ji kamar ina gida da damina.

Abin da ya fi ba ni wuyar sabo shi ne ruwan nan cikowa yake yana janyewa kullum, ba sai an jira damina ko rani ba, kuma kifi ya fi ci lokacin da ruwan ke tafiya. Kyaftin yana da jadawalin wannan a waya, yana da na'urar da ke nuna masa zurfi da inda kifi ya taru. Duk da haka idonsa na kan tsuntsaye. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, can yake juya kan jirgi, kamar dai yadda kuka koya mana. Su ma da nasu camfin. Kada Allah ya sa ya ga ayaba a jakar wani, ba za mu tashi ba sai an fitar da ita, wai tana kore sa'a. Mutum da na'urar miliyoyi a gabansa yana tsoron ayaba!

Aikina shi ne sa koto, kwance zaren da ya sarƙe, cire ƙugiya, da sa ido kan yara. Yaron da bai kai 13 ba, a ƙaramin jirgi irin namu dole ya sa rigar ceto muddin jirgi na tafiya. Sai kuma masu jiri. Baba, igiyar teku ba ta san babba ba. Za ku ga ƙato ya shigo yana cika baki, kafin a wuce ƙarshen duwatsu ya yi laushi ya rungumi bokiti, 'yarsa ƙarama kuwa tana ta tsalle tana nuna dolfin. Tun ranar da suka kama jirgi ake gaya musu su sha maganin jiri kafin su shigo, su karya da abu mara maiƙo, su riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Ni citta nake ba su su tauna. Albashin yaron jirgi ba wani abu ba ne, tukwicin da baƙi ke bayarwa shi ne abin, al'adarsu kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin jirgi.

Kifayen da za ku so gani da idonku suna da yawa. Akwai wani mai ratsin baƙi da fari, haƙoransa sak na ɗan Adam, da su yake fasa ƙaguwa, kuma ɓarawon koto ne na gaske, sai ya cinye ba ka ji motsi ba. Akwai wani shimfiɗaɗɗe da ke kwanciya a ƙasan ruwa, idanunsa biyu duk a gefe guda. Shi ana rufe kamunsa daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba, lokacin da yake fita teku don yin ƙwai. Akwai ƙananan kifin shak, da yara suka fi so. Akwai kuma ɗan'uwan kurungu, da ƙayarsa mai dafi a baya da gefe, ban taɓa bari baƙo ya sa masa hannu ba. Su nan ba sa cinsa, tsaki suke yi su ce a jefar.

Amma sarkin wurin shi ne jan kifi. Jikinsa kalar tagulla, da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, namijin kuma yana wani gurnani daga cikinsa kamar ana kaɗa ganga nesa. Daga Satumba zuwa Oktoba manyansu ke taruwa a bakin mashigar don yin ƙwai, lokacin ne kasuwarmu ke ci. Doka ta ce mutum ɗaya uku zai ɗauka a rana, kuma sai wanda tsawonsa ke tsakanin inci 20 da 28. Wanda bai kai ba a mayar, wanda ya wuce ma a mayar, in ban da guda da ake ɗaura wa ɗan tikitin da ke jikin lasisi. Ma'auni a manne yake a gefen jirgi. Jami'an hukuma kuma na iya tsayar da kai a tsakiyar ruwa su buɗe kula su auna ɗaya bayan ɗaya.

Kwanakin baya na haɗa 'yan'uwanmu Hausawa na Hustan, gida biyu, muka fita. Cikinsu akwai wani dattijo Bakano da bai taɓa riƙe fatsa ba. Sandarsa ta lanƙwashe, zare ya yi ta fita yana kuka, shi kuma yana ta salati yana cewa a zo a karɓa. Na tsaya a bayansa na riƙe masa ɗamara, ina ce masa ɗaga, sauke, naɗe. Hajiyarsa ta manta da jirin da take ji, ta miƙe riƙe da mayafi tana ba shi umarni. Da kifin ya taso muka sa raga muka ɗago shi, ya haura inci 40. Aka ɗauki hoto. Sai kyaftin ya ce shawararsa a sake shi, naman irin wannan tsoho gautsi ne da kauri, kuma da alama mace ce cike da ƙwai. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaya masa arzikin da Allah ya kawo har hannu ba a mayar da shi." Jikarsa ce ta raba gardamar, ta fashe da kuka ta ce kifin na shan wahala. Na sunkuya na riƙe shi ta wutsiya a cikin ruwa, ina kai shi gaba ina dawo da shi har ƙarfinsa ya dawo, ya buge hannuna ya nutse. Alhaji bai yi mini magana ba sai da muka cika kula da 'yan madaidaita.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma shi na ce da farko. Amma na tambayi tsofaffin wurin, kuma labarin a rubuce yake. Jan kifin nan ya taɓa yin ƙaranci sosai saboda masu zuba raga suna kai wa kasuwa. A 1981 jihar ta hana kama shi don sayarwa, daga baya a ƙarshen shekarun 1980 aka rufe kamunsa gaba ɗaya a ruwan tarayya na wannan teku. Suka kuma gina wuraren ƙyanƙyasa suna zuba 'ya'yan kifi a ruwa duk shekara. Kifi ne mai tsawon rai, yana haura shekara 30, kuma manyan ne ke zuba ƙwai da yawa, shi ya sa ake barinsu. Yau ga shi nan ya dawo har yana ciyar da irinmu. Haka kuma da aka yi mugun sanyin Fabrairun 2021, wanda hukuma ta ƙiyasta ya kashe kifi aƙalla miliyan 3.8 a gaɓar jihar, sai suka rage adadin wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake yawan nema. Da biyar ake ɗauka, yanzu uku.

Ba na cewa a ɗauko wannan a kai Kainji. Wanda ya ƙoshi ne ke iya mayar da kifi ruwa. Mutumin da tuwon darensa ke cikin komarsa, ba mai bakin ce masa ya saki giwan ruwa. Sai dai kun sha faɗa mana tun muna yara cewa masu taru mai ƙananan ido, da ke kwaso 'ya'yan kifi tare da warangi, su za su ƙarar da ruwan nan, kuma kun ƙi sayen irinsa ko da ake ta samu da shi. Mutanen Argungu ma ai hana su ake a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manya. Abin da na gani a nan shi ne an rubuta irin wannan hani, an sa masa ma'auni, kuma wanda ya karya ba ya da wani babba da zai je ya kama ƙafa.

Wani abin da har yau ban saba da shi ba shi ne gyaran kifinsu. In mun dawo mashaya, gefe biyu na tsoka kawai ake yankewa a zuba a leda, kai da ƙashi da ƙwai duk a watsa wa kwasakwasa da ke jira a ƙarƙashin tebur. Ni kam ban iya ba. Kawunan nake tarawa a ƙanƙara in kai gida, surukarku ta yi mana farfesu da daddawar da Inna ta aiko. Kyaftin ya ɗanɗana sau ɗaya, yaji ya sa shi hawaye, amma yanzu da kansa yake ware mini manyan.

Ga dalilin wannan doguwar takarda, Baba. Kyaftin ya ce hannuna ya faɗa, in ina so zai riƙa sa mini hannu a takardar lissafin kwanaki. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka tana neman kwana 360 a kan ruwa kafin mutum ya zauna jarrabawar tuƙa jirgin fasinja shida, ga gwajin lafiya da na taimakon gaggawa. Da fitar ƙarshen mako kawai, abin zai ɗauki shekaru, kuma ba zan saki aikin ofis ba. Sana'ar tana da nata haɗari: daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, garin ma guguwar 1900 ta taɓa share shi ta kashe dubban mutane, shi ya sa suka gina katangar da ke bakin tekun. In iska ta tashi ba fita, ba kuɗi. Amma Hausawa da sauran Musulmi na da yawa a Hustan, kuma da dama sun ce da za su sami jirgin da ba giya a ciki, wanda zai tsaya a yi salla, da sun riƙa kawo iyalansu. Ban ba shi amsa ba. Na ce sai na ji daga bakin mahaifina, wanda shi ya fara ɗora ni a kwale-kwale. In kun ce a'a, na bari.

Na tura kuɗi ta hannun Yaya. A fara da maganin ƙafarku, sauran a gyara injin jirgi kafin ruwa ya cika, kada a sake kai shi wurin mai gyaran bara. Zan kira ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, yanzu awa shida ce tsakaninmu. Inna ta taimaka da wata daddawar da kuka in an sami mai zuwa, ta kusa ƙarewa. A gaishe da Kawu da Sarkin Ruwa da mutanen masallaci, a sa mu a addu'a.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
daga Hustan, Amurka.