Ayu ba kifi ba ne, ɗan'uwan giwa ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na ilimi a makon jiya, inda mai gabatarwa ya lissafa kifayen kogin Kwara ya sa ayu a ciki. Ban ga laifinsa ba, mu ma nan Yauri haka muka tashi muna ji. Sai dai kama da wane ba wane ba ne.

Duk Basarken da ya taɓa ganin ayu kusa zai gaya maka ba shi da ƙaya irin ta kifi, kuma dole ya leƙo saman ruwa ya shaƙi iska, don da huhu yake numfashi. Ciyawar bakin gaɓa yake ci. Macen haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta da nonon da ke wajen hammatarta. Masana kimiyya ba mazaunin halitta suke dubawa ba, ginin jikinta suke bi, yanzu kuma har da ƙwayoyin gado. Da aka bi wannan sawun, sai aka tarar giwa na cikin danginsa na kusa. Ita ma nononta tsakanin ƙafafun gaba yake, kuma dukansu turamen haƙoransu daga baya suke turowa gaba idan na farko sun cinye. Abin dariya, giwan ruwan da ake kokawa da shi a Matan Fada lokacin bikin Argungu, shi kam kifi ne tsantsa, sunan kawai ya ara.

Wannan tsari na rarrabe halittu ya samo tushe daga Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya fara wallafa shi a 1735. Rukuni ne cikin rukuni, kamar yadda jiha ke da ƙananan hukumomi, su kuma suke da gundumomi, har a iso ƙofar gida. Kowace halitta sunaye biyu ake ba ta da Latin, na zuriya da na yanka. Dubi shinkafar da muke nomawa a fadamun Kebbi: wadda ta zo daga Asiya Oryza sativa ce, tamu ta gado ta Afirka ta Yamma kuwa Oryza glaberrima. Gida ɗaya, ɗaki daban.

Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma na san inda muke kuskure. Muna sa yara su haddace sunayen kamar karatun aku, da misalan dabbobin da ba su taɓa gani ba, alhali ga tarwaɗa da jemage da kuka a gabansu. Ranar da na shiga aji da tarwaɗa a bokiti, har yaran bencin baya sai da suka taso.

Roƙona shi ne ku sake shirin, ku haɗa malamin kimiyya da tsohon masunci a teburi ɗaya. Ku fara tambayar masuncin yadda yake rarrabe abin da komarsa ta kamo.

Naku,
Tsohon malamin sakandare,
Yauri, Jihar Kebbi