Wasiƙa zuwa ga aminina kan mayar da littafi shirin talabijin

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma haƙurin zaman nesa. Saƙonka ya iso, na ji aikin da aka ɗora maka na mayar da tsohon littafin nan shiri mai kashi shida. Ka ce tsoronka kada ka ci amanar marubucin. Tsoron ya dace, amma bari in faɗa maka inda amanar take.

Fara da lissafi. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ci kusan minti ɗaya a allo, don haka kashi shida masu minti 55 ba za su wuce shafi 330 ba, kuma rabin kowane shafi fili ne. Littafi mai shafi 400 cike da rubutu ba zai shiga ba. Yanka kam dole ne, sai dai a san abin da za a yanke.

Ka samo ƙananan katuna, kowace fitowa ta littafin da katinta. A kan kowane kati ka rubuta waɗanda ke wurin, da abin da ya sauya kafin su watse, sannan wa ya san me a daidai lokacin. Katin da babu abin da ya sauya a cikinsa shi ne na farkon fita, komai daɗin zancensa. Abu na ukun nan kuwa, wato wa ya san me, shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan ne masu shirya fim suka fi yin tuntuɓe. Dubi Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Elizabeth, tauraruwar littafin, ta gaskata ƙaryar da wani soja mai suna Wickham ya shirya a kan Darcy, tauraron littafin, mai karatu ma ya gaskata tare da ita, har sai da wasiƙar Darcy ta zo. Da za a nuna wa mai kallo gaskiyar tun a kashi na biyu, da Elizabeth ta koma wawiya a idonsa, alhali ba a taɓa ko kalma ɗaya daga maganganunta ba. Shirin BBC na 1995, wanda Andrew Davies ya rubuta, ya ajiye sirrin har lokacinsa, sannan ya nuna abin da wasiƙar ta ƙunsa ta hanyar waiwaye, da muryar Darcy a kai. A shirin ne kuma aka ƙara fitowar da Darcy ya faɗa tafki, wadda babu ita a littafin. Ni ban ɗauke ta cin amana ba, domin ba ta sanar da kowa abin da bai sani ba, ta dai ƙara wa haɗuwarsa da Elizabeth a gidansa na Pemberley kunya, kuma kunyar tana cikin littafin.

Zancen zuci shi zai fi ba ka wahala, tunda kyamara ba ta ganin tunani. Muryar bayan fage tana amfani, amma in ta yi yawa sai ɗan wasa ya tsaya ƙiƙam ana karanta masa zuciyarsa. Gara ka ba shi abin yi: wasiƙar da ya rubuta ya yage, ko gaisuwar da ya ƙi amsawa.

Maganganun littafi ka sa mutum biyu su karanta su da ƙarfi, kana duba agogo. Jimlar da numfashi ɗaya bai kai ta ba, raba ta, amma ka bar kalmomin da ake gane mai maganar da su. In za ka haɗe ƙananan taurari biyu su zama ɗaya, koma kan katunanka tukuna, kada ka wayi gari mai ɓoye sirri da mai tona shi sun zama mutum guda.

Kafin komai, a tabbatar da haƙƙin mallaka. A ƙasashe da yawa yakan ƙare ne shekara 70 bayan rasuwar marubuci, amma in fassara kake aiki da ita, mai fassarar yana da nasa haƙƙin daban.

In ka gama jera katunan kashi na farko, turo mini hotonsu mu duba inda ya kamata kashin ya tsaya. A gaida mini mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka