Kafin ɗalibi ya nemi gurbi a Harvard ko Oxford, a fara da maganar kuɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani al'amari da yake tasowa duk shekara a ƙarshen watan Maris, lokacin da manyan jami'o'in Amurka suke sanar da waɗanda suka bai wa gurbin karatu. A lokacin ne kafafen watsa labarai suke cika da labarin yaro ko yarinya daga wata ƙasa da suka samu shiga Harvard ko Yale ko MIT, a yi ta sam-barka, iyaye kuma su dubi 'ya'yansu masu ƙoƙari su ce me zai hana su ma su gwada. Ban ga laifin wannan buri ba ko kaɗan. Abin da nake ganin ya kamata a gaya wa iyaye da ɗalibai ƙarara shi ne, ga wanda yake nema daga ƙasar waje ƙwazo shi kaɗai ba ya isa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake mayarwa sun rasa gurbin ne tun ranar da suka tsara jerin makarantunsu ba tare da sun binciki yadda kowace take kallon maganar kuɗi ba.

A shekarar 2022 mutum 61,220 ne suka nemi shiga karatun digiri na farko a Harvard, ta ɗauki 1,954, wato kashi 3 da ɗan ɗori cikin 100, kuma mafi yawan waɗannan guraben 'yan ƙasar ne suke samu. A MIT dubban baƙi ne suke nema kowace shekara, amma waɗanda take ɗauka daga duk faɗin duniya ba sa kaiwa 150. Saboda haka ɗalibin da ya zo na ɗaya a makarantarsu yana takara ne da na ɗayan dubban makarantu na Indiya da Sin da Koriya ta Kudu da sauran ƙasashe, kuma jami'ar za ta mayar da mafi yawansu ba don sun gaza ba, sai don kujerun sun ƙare. Ya kamata a fahimtar da yaro wannan tun kafin ya cika takardar farko, domin kada wasiƙar ban-haƙuri ta sa ya raina kansa.

Maganar kuɗi ce, a ganina, ake yawan tsallakewa. Shekara guda a Harvard, idan aka haɗa kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci, ta haura dala 85,000, kuma takwarorinta ba su yi nisa da haka ba. Manyan jami'o'in Amurka sun kasu kashi biyu a kan yadda suke ɗaukar baƙon da ba zai iya biya ba. Kashi na farko suna karanta takardun mai nema ba tare da sun duba ko iyayensa suna da hali ba, idan kuma suka ɗauke shi sai su cike masa duk giɓin da ke tsakanin abin da gidansu zai iya bayarwa da abin da karatun zai ci. Masu yi wa baƙi haka 'yan kaɗan ne: Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst sun daɗe a kai, Dartmouth da Bowdoin sun shigo a 2022, daga baya Brown da Notre Dame da Washington and Lee suka biyo baya. A watan Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da kuɗin shigarsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansa zai yi karatu kyauta. Kashi na biyu, wanda ya haɗa da manya irin su Stanford da Columbia da Cornell, suna ba baƙi tallafi mai tsoka, amma suna sanya buƙatar tallafin a ma'auni lokacin yanke hukunci, ta yadda baƙon da ya ce ba shi da ko sisi yana shiga wata takara ta daban wadda ta fi ta sauran tsanani. Yawancin jami'o'in gwamnatocin jihohi kuwa, duk da sunan da wasunsu suka yi, ba su da tallafin a-zo-a-gani ga baƙo mai neman digiri na farko.

Wanda bai san wannan rabe-rabe ba zai iya cike duk guraben makarantu 20 da manhajar neman gurbi ta Common Application ta ba shi, ya biya kuɗin nema da yake kamawa daga dala 75 zuwa 100 a kowace babbar jami'a, ya samu shiga biyu ko uku, sannan ya tarar babu wadda zai iya taka ƙofarta. Ana iya neman a yafe kuɗin neman ga marar hali, kuma babu abin kunya a ciki. Haka nan wajibi ne a faɗi gaskiya a takardar bayanin dukiyar iyaye, domin da yawa daga jami'o'in kashi na biyu ba sa barin baƙon da ya shiga a matsayin mai biyan kuɗinsa ya dawo daga baya ya ce a tallafa masa.

Tsarin Birtaniya daban yake. Ana nema ta hannun hukumar UCAS, zaɓi biyar kawai ake ba ɗalibi, ba a yarda ya nemi Oxford da Cambridge a shekara guda ba, kuma ana rufe karɓar takardun waɗannan biyun a tsakiyar watan Oktoba. Su abin da ya dame su shi ne zurfin ɗalibi a fannin da zai karanta, wanda suke gwadawa da jarrabawa ta musamman da kuma ganawa da malaman fannin a watan Disamba. Sai dai a 2025 ɗan ƙasa yana biyan fam 9,535 a shekara, baƙo kuwa a Oxford yana biyan fiye da ninki uku na wannan, sannan tallafin Reach Oxford, wanda ya fi shahara ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, mutum biyu ko uku kawai yake ɗauka a shekara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'in Amurka suna duba sakamakon shekarun ƙarshe na sakandare gaba ɗaya, da wasiƙun malaman da suka san ɗalibin da gaske, da abin da ya yi a wajen aji, da kuma rubutun da zai yi a kan kansa wanda bai wuce kalma 650 ba. Jarrabawar share fagen shiga jami'a ta SAT, wadda da yawansu suka jingine lokacin annobar korona, MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Harvard kuma a 2024. A nan ne dillalai suke shigowa da alƙawarin rubuta wa yaro bayaninsa da tabbatar masa da gurbi. Babu mahaluƙin da zai iya tabbatar da gurbi a jami'ar da take mayar da mutum 96 cikin kowane 100, kuma abin kunyar da ya fallasa a Amurka a 2019, inda aka ɗaure wasu attajirai da fitattun 'yan fim saboda sayen guraben 'ya'yansu ta hannun wani dillali, ya isa gargaɗi. Cibiyoyin EducationUSA, waɗanda suke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka a ƙasashe fiye da 170, suna ba da irin wannan jagora kyauta.

Ba ina cewa tsarin adalci ne zalla ba. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa 'ya'yan iyalan da suka fi kowa arziki a Amurka sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali damar zuwa irin waɗannan jami'o'i ko da makinsu ɗaya ne. Amma binciken Stacy Dale da Alan Krueger na 2002 ya gano cewa ɗaliban da suka cancanci manyan jami'o'i suka kuma tafi waɗanda ba su kai su suna ba, albashinsu daga baya bai bambanta sosai ba, in ban da 'ya'yan talakawa waɗanda suka fi cin moriyar babbar jami'a. Ɗaliban Amurka aka bincika, don haka a yi hattara wajen ɗora sakamakon a kan baƙo, amma ya isa ya sa a saka ƙananan kwalejoji masu hannu da shuni a cikin jeri, tare da irin tallafin Lester B. Pearson na Jami'ar Toronto da shirin Gidauniyar Mastercard.

Ko an samu gurbi da tallafi, saura biza, wadda ba ta hannun jami'a. A watan Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta janye izinin Harvard na ɗaukar ɗaliban waje, sai da kotu ta dakatar da matakin, kuma a daidai wannan lokaci aka tsayar da ba da sababbin ranakun ganawar bizar ɗalibai na wasu makonni. Kanada ma ta ƙayyade yawan izinin karatu tun Janairun 2024. Don haka nake ba da shawara kada ɗalibi ya saki gurbin da yake da shi a gida har sai biza ta shiga fasfonsa.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne idan wakilanka za su kawo labarin wanda ya samu shiga irin waɗannan jami'o'i, su tambaye shi makarantu nawa ya nema, nawa suka mayar da shi, wane ne zai biya kuɗin, kuma tun yaushe ya fara shiri, su buga amsoshin tare da hotonsa.

Wassalam,
Wani mai bibiyar harkar ilimi