Ƙwarnafin da muke kira olsa, da abin da masu bincike suka gano a bututun abinci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu zuwa wani bincike da ake yi a ƙasashen waje, wanda a ganina ya shafi duk gidan da ake ajiye kwalbar maganin olsa a bakin gado. Kawuna ya kwashe shekaru yana kwana a kan matashi biyu, domin da zarar ya miƙe bayan tuwon dare sai wani ruwa mai tsami ya taso masa har maƙoshi, kuma duk wanda ya ji kukansa sai ya ce olsa ce, a sha farin magani. Babu wanda ya taɓa tambayar ɓarnar da ruwan nan ke yi wa bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa tumbi.

Cikin bututun nan shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu faɗi irin na cikin baki, waɗanda ba a yi su domin jure tsamin tumbi ba. Idan tsamin da ruwan matsarmama suka daɗe suna ƙona ƙasan bututun, a wasu mutane sai shimfiɗar ta rikiɗe ta koma kamar ta hanji. Ana kiran wannan yanayi da sunan Norman Barrett, likitan tiyata a Landan da ya yi rubutu a kansa a 1950. Ba ciwon daji ba ne, amma a kansa ne wani nau'in ciwon dajin bututun abinci ke tsirowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda rikiɗar ke faruwa. Ƙwayar halittar da ke bututun abinci da wadda ke hanji duk kundin gado guda suke ɗauke da shi, bambancinsu kawai shi ne shafin da kowacce ta buɗe da wanda ta rufe. Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne kunna wasu da kashe wasu: p63 da SOX2 su ke riƙe da shimfiɗar bututun a kamanninta na asali, CDX2 kuwa ita ke ba da umarnin zama hanji, kuma a naman da ya rikiɗe ana samun na farkon sun yi sanyi, CDX2 ta farka a inda ba muhallinta ba. Masana sun daɗe suna jayayya a kan asalin ƙwayoyin halittar da ke wannan sauyi. A 2021 ayarin Farfesa Rebecca Fitzgerald na Jami'ar Kambirij ya wallafa a mujallar Science cewa daga bakin tumbi suke fitowa, kuma ƙwayoyin gado c-MYC da HNF4A ne ke sauya musu alkibla. Lalacewar TP53, ƙwayar gado mai tsawatar wa ƙwayar halittar da ta kauce, yawanci daga baya take zuwa, kuma ita ce babbar alamar cewa haɗari ya matso.

Ba don in tsorata kowa nake wannan rubutu ba, domin wani babban bincike a Denmak a 2011 ya nuna cewa kusan mutum 1 ne cikin 1,000 masu wannan rikiɗa ke kamuwa da ciwon daji a shekara. Amfanin sanin makunnan nan shi ne a iya ware wannan mutum guda tun da sauran lokaci. Ayarin na Kambirij ya ƙirƙiro Cytosponge, wani ɗan soso da aka cusa a ƙwayar magani mai zare, wanda mutum zai haɗiye, bayan 'yan mintoci a jawo shi ya kankaro ƙwayoyin bututun a auna su. Gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya nuna an gano masu rikiɗar ninki 10 bisa yadda aka saba, kuma ma'aikaciyar jinya ma na iya yin aikin, abin da ya kamata hukumomin lafiyarmu su duba da idon basira ganin ƙarancin na'urar leƙa ciki a asibitocinmu.

Gaskiya ne cewa wannan nau'in ciwon daji ya fi yawa a Turai da Amurka, kuma wanda ya addabi gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Malawi, wani nau'i ne dabam mai alaƙa da taba, barasa da abin sha mai tsananin zafi. Sai dai ƙiba da ƙwarnafi suna ƙaruwa a biranenmu, saboda haka nake roƙon shafinku na kiwon lafiya ya gayyato likitan ciki ya bayyana wa jama'a bambancin olsa da ƙwarnafin da ya daɗe, ya kuma jaddada cewa wanda abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, ko yake ramewa ba dalili, ya nufi asibiti maimakon kantin magani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Mai karatunku daga Zariya