Wasiƙa kan furucin harshen Irish

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda ka ce za ka zo karatu Galway ta ƙasar Ireland, kuma sunayen da kake gani a takardun jami'a sun ɗaure maka kai. Shawarata ita ce ka ajiye ƙa'idojin Turanci gefe guda, domin rubutun Gaeilge, kamar yadda masu harshen suke kiransa, yana da tsarinsa, kuma a ganina ya fi na Turanci bin doka.

Haruffansu na asali 18 ne, babu j, k, q, v, w, x, y da z sai a kalmomin aro. Ɗan karan da suke ɗorawa a kan wasali, wanda suke kira “fada” a harshensu, yana nuna tsawonsa, abin da bokonmu ba ya yi, shi ya sa muke rubuta garin da ake zama da garin tuwo iri ɗaya.

Inda za ka fi ba da hankali shi ne cewa kusan kowane baƙi yana da furuci biyu. Idan yana maƙwabtaka da a, o ko u, ana furta shi da kauri. Idan kuwa e ko i ne a gefensa, sai harshe ya ɗago zuwa ganɗa, kusan yadda muke bambanta ka da kya. Don haka bó, saniya, ana cewa “bo”, amma beo, mai rai, “byo” ne. Ka lura cewa e ɗin nan ba a furta shi, aikinsa kawai ya nuna yadda za a furta b. Wasula da yawa da za ka gani sun cunkushe a kalma ɗaya irin wannan aikin suke yi, kuma wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙoƙarin furta su duka. Haka s kusa da e ko i take komawa “sh”, shi ya sa Seán ya zama “Shon”.

Sai harafin h, wanda yake tausasa baƙin da ya gabace shi. Bh da mh suna zama “v” ko “w”, sh da th suna zama “h”, fh kuwa shiru ne gaba ɗaya. Nan karatun allo zai yi maka rana, domin ch mai kauri kusan خ ce, dh da gh masu kauri a farkon kalma kuma kusan غ. Muƙamin firaministansu, Taoiseach, “Tishakh” ake cewa, Siobhán kuma “Shivon”.

Akwai kuma baƙin da ake sa wa a gaban kalma ya danne na asali: Gaillimh ne Galway, amma “a Galway” i nGaillimh ake rubutawa.

Karin harshensu manya uku ne, na lardunan Connacht da Munster da Ulster, kuma daidaitaccen rubutun da aka fitar a 1958 bai ɗora wa kowa furuci guda ba. Tunda Galway a Connacht take, ka riƙa sauraron gidan rediyon harshen, Raidió na Gaeltachta, ta intanet tun yanzu, ka fi kasa kunne ga masu magana daga Conamara, yankin da ke yamma da birnin Galway.

Ka gaida mutan gida. Allah ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
Naka amini